Ƙwan Fitilar Motar Phoebe

Shekara talatin da ɗaya Dzarma ya yi yana gyaran wutar motoci a garejin gwamnati da ke Maiduguri. Tun yana saurayi ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Biu da ƙullin kayansa a ka, ya fara da sharar gareji da miƙo sufana, ya gama yana shugaban sashen wuta gaba ɗaya. A zamaninsa, in Landirobar malamin dabbobi ta mutu a hanyar Gubiyo, ko motar asibiti ta ƙi tashi a Dikwa, shi ake turawa. Ba shi da yawan magana wajen aiki. Sai ya kewaya motar sau ɗaya, ya sa a murɗa makulli, ya karkata kai ya saurara, sannan ya zura hannu daidai inda ciwon yake.

Hannun nan ne kuwa ya fara ba shi kunya. Shekara biyu bayan ya yi ritaya, na daman ya kama rawa. Da farko kaɗan-kaɗan, sai in ya ɗauki kofin shayi. Daga baya har maɓallin riga sai matarsa Salomi ta saka masa. Wata Asabar aka kira shi ya duba lasifikar coci, wata 'yar ƙusa ta suɓuce masa sau uku a gaban dattawa. Ba wanda ya yi dariya, amma da ya dawo gida sai ya tura akwatin kayan aikinsa can ƙarƙashin gado. Tun daga nan aikinsa ya koma zama a gindin dogon yaro a ƙofar gidansa da ke Wulari, da 'yar rediyonsa a cinya.

'Yarsa ta fari, Phoebe, ita ce ta dawo masa da fara'a. Shekara takwas ta yi a Kanada tana karatun likitan haƙori, ta dawo gab da Kirsimeti ta kama aiki a wani asibiti cikin gari, ta koma ɗakinta na da a gidan iyayenta. A farkon shekarar 1993 motarta ta iso a bayan tirela daga Legas, kuma ranar da aka sauke ta duk layin ya fito kallo.

Ja ce jawur, ƙofa biyu, kujera biyu, gajera har rufinta bai wuce ƙugun mutum ba. Manyan fitilunta a ɓoye suke a goshin motar, sai an kunna su ɗago kamar mai farkawa daga barci. A ƙasa kuma, cikin bambar da ke kare gaban motar, akwai wasu ƙananan fitilu biyu ruwan goro. Su waɗannan da an ta da mota suke kamawa, ko da rana na tsaka, kuma babu makunnin da zai kashe su.

Fitilun nan sun hana mutanen Maiduguri sakat. Duk inda Phoebe ta bi, direbobin tasi suna fito da hannu suna buɗe yatsu suna rufewa, masu sayar da rake suna ɗaga mata murya, "Hajiya, wutarki! Kin manta wutarki!" Ita kuwa sai ta ɗaga hannu ta wuce. Dzarma ne ya ɗauki aikin yi wa unguwa bayani. Duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ji yadda a ƙasar da motar ta fito doka ce, saboda hazo da dusar ƙanƙara, don mai tahowa ya hango ka tun daga nesa.

"Ba mantuwa ba ce," yakan ce. "Ilimi ne. Akwai wani ɗan akwati a ciki, shi ke ba da umarni. Ni na gan shi da idona."

Ya gan shi ɗin kuwa. Ranar farko Phoebe ta buɗe masa injin, ya yi kusan awa ɗaya yana bin wayoyi da ido, hannunsa na dama a cikin aljihu.

Ranar Talatar makon Ista, zafi ya kai inda ya kai, Phoebe ta ta da mota za ta fita aiki. Dzarma na zaune a bencinsa ya lura fitilar hagu ba ta kama ba. Da ta dawo da la'asar ya tare ta tun ba ta rufe ƙofar mota ba.

"Likita, motarki ta zama mai ido ɗaya."

"Na gani, Baba. Yau ma an tsayar da ni a shingen hanya, aka ce ko dai su kama duka ko su mutu duka."

"Kuma ranar Juma'a za mu Biu. Shinge nawa ne a hanyar nan?"

"Zan sa a duba," ta ce, ta shige gida da sauri.

Dzarma bai ji kalmar "a duba" da kyau ba, ko kuma ya ji ya ƙi ganewa. Washegari da sassafe ya durƙusa ya janyo akwatin nan daga ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe shi, ya zaɓi sukudireba biyu da filaya da 'yar fitilar gwajin wuta. Ya fito tsakar gida yana 'yar waƙar coci a ƙasan maƙoshi. Inda motar ke kwana babu komai sai sawun taya a yashi.

Salomi na bakin murhu tana dama kunu. Ba ta ɗago ba.

"Phoebe ta fita tun ƙarfe shida," ta ce. "Ta kai wa Ajimi motar a Bolori, daga can za ta hau tasi zuwa aiki."

"Ajimi," in ji Dzarma.

"To, Baban Phoebe, ai ɗanka ne shi ma."

Gaskiya ne, ɗansa ne a sana'a. Ajimi Babarbare ne ɗan Limanti, wanda ya yi shekara tara a ƙarƙashin Dzarma kafin ya buɗe nasa garejin. Yanzu magidanci ne mai furfura a gemu, kuma duk garin an san shi da gyaran wutar mota. Amma Dzarma ne ya koya masa bambancin fis mai rai da matacce. Yanzu ga shi 'yar cikinsa ta tsallake shi, ta kai wa almajirin sana'arsa ƙwan fitila guda ɗaya tal. Ya tsaya da kayan aiki a hannu, yana jin filayar na kaɗawa tana bugun sukudireba. Ya koma ɗaki ya ajiye su a kan tebur. Ranar bai sha kunu ba, kuma da Phoebe ta dawo a tasi da yamma, gaisuwa kawai ya amsa ya mai da kunne ga rediyo.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga basfa ta tsaya a gindin dogon yaro. Ajimi ne, rigarsa ta aiki ta jiƙe da gumi. Ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ya saba tun yana koyo.

"Wushe, Maigida, wushe," ya gaishe shi da Barbarci. "Sannu. Ina gajiya?"

"Lafiya lau. Ya iyali? Ya aiki?"

"Aiki kam, shi ya kawo ni." Ajimi ya share fuska da hularsa. "Likita ta ce kada in faɗa maka, amma wallahi ba zan iya ba. Motar nan ta fi ƙarfina. Kwana guda da rabi ke nan. Na duba fis, lafiyarsa ƙalau. Wuta na zuwa har kusa. Ƙwan ne ya mutu, na sani, amma ban ga ƙofar da ake bi a kai gare shi ba. Murfin fitilar ba ƙusa ko ɗaya ta waje. Ta sama, gidan babbar fitila ya tare. Ta ƙasa, an rufe da roba. Bala mai gyaran jikin mota ya ce ko dai a sauke bambar gaba ɗaya, ko a yanke wayar ta dama su mutu duka, kowa ya huta."

Dzarma ya kashe rediyo.

"A yanke waya?"

"Haka ya ce. Ni dai na ce ya dakata."

"Shekara tara a hannuna, ka taɓa ganin na yanke waya mai lafiya?"

"Ban taɓa ba, Maigida. Shi ya sa na zo."

Dzarma ya kalli titi. Sannan ya miƙe, ya shiga gida, ya fito da kayan nan naɗe a tsumma. Salomi ta biyo shi har ƙofa da hularsa ta malafa, ta ɗora masa a ka. Ya hau bayan basfa suka nufi Bolori.

Garejin Ajimi fili ne mai faɗi da rumfar kwano, ƙasarsa ta yi baƙi da tsohon mai. Motar Phoebe na tsakiya, an ɗaga murfin injinta, ta yi kama da baƙuwar da ta shigo gidan da ba ta jin yarensu. Bala na tsaye a gabanta, ƙato ne mai faɗin ƙirji, da filaya a hannu. Makanikai biyu daga garejin maƙwabta sun zo kallo, har da mai facin taya na bakin titi.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Bala. "Ai da ba a wahalar da kai ba cikin ranar nan. Ni abin da na ce, wa ke kunna fitila da rana a Barno? Ranar garin nan ita kaɗai ta ishi kowa. Minti biyu na gama."

"Ajiye filayar," in ji Dzarma.

Ya kewaya motar sau ɗaya, a hankali. Ya sa Ajimi ya ta da ita. Ta dama ta kama, ta hagu shiru. Ya sa aka kunna sigina ta hagu, sai ga fitilar da ake cewa ta mutu tana ƙiftawa.

"Kun gani?" ya ce. "Ƙwai ɗaya ne mai zare biyu a ciki. Zare ɗaya na sigina, ɗaya na hasken rana. Na ranar ne ya ƙone, don shi ke aiki kullum. Kashe ta, Ajimi."

Ya durƙusa a gaban bambar ya shafa murfin fitilar da yatsun hagu, ya bi gefensa duka. Babu ƙusa, kamar yadda aka ce. Ya zauna a kan dugadugansa yana tunani. Wanda ya ƙera motar nan ya san ƙwai na mutuwa. Ba zai yiwu ya ce duk sanda ƙwai ya mutu sai an sauke rabin fuskar mota ba. In ba ta gaba, ba ta sama, ba ta ƙasa, to saura ta baya. Me ke bayan fitilar? Taya.

"Murɗa sitiyari zuwa dama," ya ce. "Har ƙarshe. A kawo mini tabarma."

Da tayar hagu ta karkace, sai wani ɗan sarari ya buɗe tsakaninta da jikin mota. Dzarma ya kwanta a gefensa, ya zura hannun hagu yana laluben baƙar robar da ta rufe saman taya daga ciki. Laka ta bushe a kanta ta yi ɓawo. Ya kankare da farce, ya ci gaba da lalube, har yatsansa ya faɗa wani ɗan layi. Ya bi layin, ya ji ya yi kwana, ya sake yin kwana. 'Yar taga ce, faɗinta bai fi tafin hannu ba, da maɓallan roba biyu suna riƙe da ita.

"Ga ƙofarku nan," ya ce. "Lakar hanya ce ta rufe ta."

Ajimi ya sunkuya ya leƙa, ya dafe kai. "La ilaha illallahu! Sau nawa na kalli wurin nan!"

"Kallo ka yi. Ba ni sukudireba mai faɗin baki."

Ya ɓanɓare maɓallan, tagar ta faɗo. Ya zura hannu har gwiwa cikin duhu, ya taɓa bayan fitilar, ya kama gidan ƙwan ya murɗa shi kaɗan zuwa hagu. Ya ji ya saki. Sai dai wayarsa gajera ce, ba za ta bari ya fito waje ba, don haka a can ciki ya danna ƙwan ya juya, ya zaro shi ya ɗaga sama. Gefe ɗaya na gilashin ya yi baƙi.

"To, an fito da shi," in ji Bala. "Ina za a samu irinsa? Wannan sai Legas, in ma akwai. Kuma gobe za su yi tafiya."

Dzarma bai kalli ƙwan ba ma. Ya murza gindinsa tsakanin yatsu, ya ji 'yan ƙusoshi biyu da ke jikinsa, ɗaya ta fi ɗaya sama. Ya shafa ƙasan ya ji ɗigo biyu na dalma. Murmushi ya suɓuce masa.

"Ajimi, kana da ƙwan burki na a-kori-kura?"

"Cike da kwali."

"Shi ne wannan. Launin goron nan na murfin ne, ƙwan fari ne kamar kowane. Sun dai sa masa riga mai tsada. Ɗauko."

Mai faci ya tuntsire da dariya, makanikan nan biyu suka matso suna karɓar mataccen ƙwan suna jujjuyawa. Ajimi ya kawo sabo, aka gwada su gefe da gefe, ba su da maraba. Dzarma ya ji ƙirjinsa ya buɗe kamar an cire masa wani nauyi. Ya naɗa 'yar samfefa a yatsa ya goge cikin gidan ƙwan, sannan ya karɓi sabon ya sake kwanciya.

A nan ne abin ya tsaya. Cirewa hannu ɗaya ya isa, amma sakawa sai biyu: ɗaya ya riƙe gidan da ke reto a jikin waya, ɗaya ya daidaita ƙusoshin nan da ramukansu, tunda in aka juya su ba za su shiga ba. Ya zura na hagu ya riƙe gidan, ya biyo da na dama da ƙwan. Da gilashin ya kusanci ƙarfe sai ya fara ƙwanƙwasawa, ƙas-ƙas-ƙas, kowa na ji. Ya fito da hannun, ya ja numfashi, ya sake. A karo na uku ƙwan ya suɓuce, ya bugi ƙarfen taya, ya fashe.

Dzarma na kwance yana kallon tayar, gumi na shiga masa ido.

"Bari in gwada, Maigida," in ji Ajimi a hankali.

Ya gwada. Hannunsa ɗaya ya shiga da ƙyar, na biyun ba wuri. Bala ma ya naɗe riga ya gwada, nasa ko wuyan hannu bai wuce ba. Ya miƙe yana yarfe yatsu, bai ƙara maganar filaya ba, amma kowa ya san tana ransa.

Ana cikin haka tasi ta tsaya a bakin gareji. Phoebe ce ta fito, da farar rigarta ta asibiti, ta zo lokacin hutun rana ta ga ko an gama. Ta hangi mutane sun kewaye motarta, ta matso, sai ta ga ubanta zaune a tabarma, bayan rigarsa duk ƙasa, ga fasasshen gilashi kusa da ƙafarsa. Ta dubi Ajimi. Ajimi ya sunkuyar da kai.

"Baba," ta ce.

"Ba laifinsa ba ne," in ji Dzarma. "Ya yi abin da ya kamata. Na gano ƙofar, na gano ƙwan. Sakawa ce ta gagara." Ya ɗaga hannun dama ya nuna mata, yana rawa a fili, bai ɓoye shi a aljihu ba. "Wannan ya ƙi."

Phoebe ta kalli hannun. Sannan ta ajiye jakarta a kan rufin mota, ta tuɓe takalmanta masu tsini.

"Matsa mini, Baba. Ina ne?"

"Likita, rigarki!" in ji Ajimi.

"Akwai sabulu a gida."

Ta kwanta a tabarmar, ta leƙa tagar, ta ce duhu ya yi yawa. Ajimi ya kawo tocila. Ita kuma ta laluba aljihun ƙirjinta ta zaro wani ɗan madubi mai dogon mariƙi, irin wanda take duba bayan haƙora da shi. Ta zura shi ciki, ta karkata shi sau biyu.

"Na gan shi. Baƙi ne, yana reto a jikin waya uku."

"Shi ne," in ji Dzarma. Ya matso daf da kanta ya durƙusa. "Leƙa cikinsa. Akwai ramuka biyu a gefe. Ɗaya ya fi zurfi."

"Na gani. Mai zurfin yana sama."

"Yauwa. To riƙe shi haka, kada ya juya. Ajimi, ba ta ƙwai. Goge gilashin tukuna, hannunka duk mai ne. Phoebe, shafa gindinsa. Ƙusar da ta fi kusa da ƙasan ƙwan, ita ke bin rami mai zurfi."

Ta miƙa wa uban madubin ya riƙe mata da hannun hagu, ta zura hannayenta biyu sirara cikin tagar, suka shige kamar don su aka yi ta. Dzarma na kallon fuskarta. Ta ɗan cije leɓen ƙasa, idonta a rufe, tana gani da yatsu. Bai taɓa ganin ta a wurin aikinta ba. Sai yanzu ya gane cewa haka take yini, tana aiki a wuri matsattse mai duhu inda kuskure kaɗan ke sa mutum ihu, kuma ba ta gaggawa.

"Ya shiga," ta ce.

"Danna a hankali, akwai sifirin a ƙasa. Kin ji ya lotsa?"

"Na ji."

"Juya dama, kaɗan. Har ki ji ya zauna."

Suka ji 'yar ƙara, ƙat.

"Mai da gidan raminsa, ki murɗa shi dama shi ma. Kada ki matsa da ƙarfi, roba ce."

Ta fito da hannayenta baƙi ƙirin har gwiwa, ta tashi zaune. Ajimi ya shiga motar, ya ninke dogayen ƙafafunsa da ƙyar, ya murɗa makulli. Kowa ya koma gaba. Ƙarfe ɗaya na rana ne, hasken rana na dukan ƙasa har ido ba ya buɗuwa sosai, amma ga su nan, fitilu biyu ruwan goro, dama da hagu, suna ci daidai wa daida.

Mai faci ya buga tafi. Ajimi ya fito yana ta "Wushe, wushe, Maigida!" Bala ya zo ya tsaya gaban Dzarma, ya kama hannun nan mai rawa da hannayensa biyu ya girgiza.

"Baba, na janye maganata," ya ce. "Da na yi ɓarna."

"Da ka yi," in ji Dzarma. "Amma ka tsaya da aka ce ka tsaya. Wasu ba sa tsayawa." Ya juya wajen makanikan maƙwabta, ya nuna Phoebe da haɓa. "'Yata ce. Ta fari. Likitar haƙori ce, amma kun dai gani."

Da aka mai da tagar aka wanke hannu da garin sabulu, Phoebe ta buɗe masa ƙofa ya sauka cikin kujera, don motar nan sauka ake yi cikinta, ba hawa ba. Sun fita daga Bolori sun hau kwalta kafin ta yi magana.

"Baba, ka yi haƙuri. Mama ta ba ni labarin lasifikar coci. Na ji tsoron a sake irinta, shi ya sa na kai wa Ajimi."

"An kuwa sake," in ji shi. "A gaban mutum biyar. Na fasa ƙwai."

"Amma ba ka..."

"Ban mutu ba." Ya ɗan yi dariya. "Abin da ya fi mini ciwo shi ne jiya da safe, da na fito na ga sawun taya. Hannun ne ya lalace, Phoebe. Nan lafiya lau yake." Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. "In abu ya samu, ki tambaye ni. In ba zan iya ba, ni da bakina zan faɗa."

"Na ji, Baba. Ba zan ƙara ba."

"Kuma madubin nan naki, ina ake sayar da irinsa?"

Ta kalle shi, ta fashe da dariya har sai da ta rage gudu.

Sun je Biu ranar Juma'a, shi da ita a jar mota, Salomi kuma a bas ɗin matan coci, don ta ce ita ba za ta zauna a ƙasa kamar mai tsince shinkafa ba. Bayan Ista da mako guda Ajimi ya sake zuwa Wulari, wannan karon da ƙullin busasshen kifin Baga. Ya ce motoci 'yan gwanjo daga Turai sun fara cika gari, kowace da irin wayoyinta, kuma kullum sai an kawo masa wadda ba ya gane kanta. Ko Maigida zai riƙa leƙowa ko da sau ɗaya ne a mako? Dzarma ya ce zai yi shawara, kuma ya yi ta ne tsawon lokacin da Ajimi ya ɗauka yana shan ruwa.

Shekara shida ya yi yana zuwa Bolori duk Talata. Rawar hannun ba ta warke ba, ƙaruwa ma ta yi, ta kama na hagun, kuma bai sake riƙe sukudireba ba. Bala ya haɗa masa kujerar ƙarfe mai majingina, aka ajiye ta a inuwar rumfa inda zai iya ganin kowace mota. Daga nan yake aikinsa. Akan kawo mota daga Gamboru ko daga Potiskum, direba ya sauko yana tambayar ina tsohon nan yake. Dzarma sai ya sa a murɗa makulli, ya saurara, ya ce, "Ajimi, bi jar wayar nan zuwa bayan batir, ka faɗa mini abin da ka taɓa." Ajimi, da furfurarsa da 'ya'yansa bakwai, sai ya ce, "To, Maigida," ya sunkuya.